A Ɗaure Mai Bindiga, A Saki Ƙoƙon Yaro

Daga Akawun Reshen Kankiya da Kusada

'Yan'uwana talakawa, manoma da 'yan kasuwa na ƙasar Kankiya da Kusada, ku kasa kunne. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, domin maganar nan ta shafi kowane gida da ke da ƙaramin yaro.

A cikin watan Yuli na 2025, ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ke jinyar yara masu tamowa a Jihar Katsina tun 2021, ta ba da wani lissafi wanda ya kamata ya hana kowane mai mulki barci. Ta ce daga Janairu zuwa ƙarshen Yuni na shekarar, yara 652 suka mutu a wuraren jinyarta cikin jiharmu kaɗai. Ta yi wa yara wajen 70,000 magani, ta kwantar da kusan 10,000 a gadon asibiti. Ku raba 652 da kwanakin wata shida, za ku ga ya fi yara uku kowace rana ta Allah. Waɗannan kuwa su ne waɗanda iyayensu suka sami kuɗin mota suka kai su. Yaron da ya cika a ɗakin uwarsa can cikin ƙauyukan Kafin Soli ko Kaikai, aka kai shi makwancinsa kafin azahar, ba wanda ya rubuta shi a littafi.

Likitocin sun faɗi dalilai: talauci, da tsadar abinci, da rashin tsaro wanda ya hana noma, da kuma yadda ƙasashen Amurka da Ingila da sauran Turai suka zabge kuɗin agaji. A kan wannan dalili na ƙarshe na ke so mu tsaya, domin an rufe rumbun ne da wata hujja, hujjar kuwa ita ce wai kuɗin agaji yana ciyar da 'yan ta'adda. Mu auna ta mu gani ko ta cika mudu.

Yadda Aka Rufe Rumbu

A ƙasar Amurka, Majalisa ce ke riƙe da bakin jaka. Ita ke cewa a ba ƙasa kaza kuɗi kaza, ita ke rubuta sharuɗɗan da za a cika kafin a ba da shi. Babbar ƙofar da kuɗin ke bi a da ita ce hukumar da a ke kira USAID, wadda aka kafa tun 1961. A 2023 abin da Amurka ta ba Nijeriya ya kai kimanin dala biliyan 1, mafi yawansa na magani ne da abinci: maganin zazzaɓin cizon sauro, gidan sauro, maganin ƙanjamau da na tarin fuka, da abincin yara masu tamowa.

Ran 20 ga Janairu 2025, ranar da Shugaba Donald Trump ya koma kan mulki, ya sa hannu a takardar dakatar da agajin ƙasashen waje na kwana 90. A watan Maris Sakataren Harkokin Wajensu, Marco Rubio, ya ce an soke kashi 83 cikin 100 na ayyukan hukumar. Ran 1 ga Yuli aka rufe ta ɗungum. A ƙarshen watan nan ne Hukumar Abinci ta Duniya ta yi shelar cewa abincin da ta ke ba mutum miliyan 1.3 a Arewa maso Gabas ya ƙare, kuma wuraren jinyar yara fiye da 150 a Barno da Yobe suna bakin rufewa.

Ana tsakiyar wannan, ran 13 ga Fabrairu 2025, wani wakili a Majalisar Amurka mai suna Scott Perry ya tashi a zaman wani kwamiti ya ce wai dala miliyan 697 na kuɗin agaji suna tafiya kowace shekara ga ƙungiyoyin ta'adda. Ya jero sunaye, ya sa Boko Haram a ciki. Mafi yawan maganarsa a kan Afganistan da Pakistan ce, Boko Haram kuwa ya jefa ta ne a cikin jeri kamar yadda mai talla ke jero kayan tirensa. Bai ajiye rasit ko guda ba, bai kira sunan banki ba, bai ce ga ranar da kuɗin ya shiga hannun wane ba. Bayan 'yan kwanaki jakadan Amurka a Nijeriya, Richard Mills, ya fito ya ce babu wata shaida a kan haka.

Amma kun san magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo ta cika gidajen rediyo da wayoyin hannu, ta shiga majalisun masu shayi daga Yashe har Rimaye. Majalisar Dattawanmu ta tashi da kumfar baki ta kira shugabannin tsaro su zo su yi bayani, Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti. Mutanen da in talaka ya kai kuka sai ya shekara bai ji amsa ba, ga su sun yi tsaye cikin kwana bakwai saboda wani Bature ya yi magana a Washinton. Ku riƙe wannan a ranku, za mu komo gare shi.

Sharaɗi Iri Biyu Ne

Kada wani ya ce mu maƙiyan sharaɗi ne. Duk ɗan kasuwa ya san wanda ya ba ka jari yana da ikon tambayarka inda ka kai shi. Mai biyan haraji a Amurka talaka ne kamarmu, yana da haƙƙin sanin ba a sayi harsashi da guminsa ba. Sa'ad da Majalisar Wakilansu ta zartar da shirin doka a Yuni 2025 don hana kuɗin agaji faɗawa hannun 'yan Taliban, ba mai hankalin da zai ce niyyar ba ta da kyau. Abin tambaya shi ne, a wuyan wa a ke ɗaura igiyar?

Akwai sharaɗin da a ke ɗaura wa mai bindiga. Misalinsa shi ne dokar da a ke kira da sunan Sanata Patrick Leahy, wadda aka fara a 1997. Abin da ta ce a taƙaice shi ne, duk rundunar soja ko 'yan sandan da aka sami ƙwaƙƙwaran labari cewa ta kashe mutane ba shari'a, ko ta azabtar da su, ba za a ba ta makami ko horo da kuɗin Amurka ba sai gwamnatinta ta hukunta masu laifin. A 2014 aka hana Nijeriya sayen wasu jiragen yaƙi masu saukar ungulu. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan jiharmu, ya je Washinton a Yuli 2015 ya yi kuka da dokar nan, ya ce ta taimaki Boko Haram. Masu mulki ba su taɓa son ta ba.

To, mu talakawa fa? A Janairu 2017 jirgin sojan samanmu ya jefa bom a sansanin 'yan gudun hijira a Rann ta Jihar Barno, ya kashe mutane da yawa har da ma'aikatan agaji. A Disamba 2023 jirgi marar matuƙi na soja ya faɗa wa masu Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, mutum 85 ko fiye suka rasu. Wanda ya tuna waɗannan ranaku biyu ya san amfanin a ce wa mai riƙe da makami za a tambaye shi. Irin wannan sharaɗi garkuwar talaka ne, ko da daga bakin baƙo ya fito, kuma abin kunya ne a ce sai baƙo ya tambaya, Majalisarmu ba ta tambaya ba.

Ku dubi kuma yadda masu mulki ke cika sharaɗi in abin da su ke so ne. Sun biya dala miliyan 496 a 2018 don jiragen yaƙi 12 da a ke kira Super Tucano, aka fara kawo su a 2021, da sharaɗin a kan 'yan ta'adda za a yi amfani da su. Da aka so a juyo da su kan 'yan bindigar dajinmu, nan da nan aka je Babbar Kotun Tarayya a Abuja a Nuwamba 2021 ta ce 'yan bindiga 'yan ta'adda ne, aka buga a jaridar Gwamnati a Janairu 2022. Ashe in ana so, hanya ba ta wuya.

Sa'an nan akwai sharaɗi na biyu, wanda a ke ɗaura wa ƙoƙon yaro. Shi ne a ce tun da ana tsoron kada loma guda ta faɗa bakin ɗan ta'adda, to a kife tukunyar gaba ɗaya. Ku lura da abin mamaki. A watan Agusta 2025, wata guda bayan lissafin yaran nan 652, Gwamnatin Amurka ta amince a sayar wa Nijeriya bama-bamai da rokoki na dala miliyan 346. Ƙofar bom a buɗe, ƙofar kunu a rufe. Wane ne bai san makamin soja ya sha faɗawa hannun 'yan ta'adda in sun ci sansani ba? Duk da haka ba wanda ya ce a daina cinikin makami. Tsoron ɓata bai tashi ba sai da aka zo kan abincin jarirai.

Haka kuma a farkon Nuwamba 2025 Shugaba Trump ya yi barazanar tsayar da duk wani taimako ga Nijeriya bisa cewa ana kashe Kirista, a ranar Kirsimeti kuma jiragensu suka kai hari a Jihar Sakkwato. Lalle an kashe Kirista, an yi kisan gilla a Yelwata ta Jihar Binuwai a Yuni 2025. An kuma kashe Musulmi suna sallar asuba a masallacin Unguwar Mantau ta Malumfashi a Agusta na shekarar. Jini ɗaya ne, kuma gwamnatin da ta kasa tsare su ta cancanci tuhuma. Amma in an tsayar da agaji, wa ya ji a jikinsa? Minista ba ya kwana a gidan sauron kyauta, 'ya'yan Sanata ba su bin layin awon yara. Ɗan Musulmi da ɗan Kirista da ke kwance gado ɗaya su ne za su biya laifin da ba su san an yi ba. Laifin babba, rowa. Laifin yaro, ƙiwuya. Amma wannan yaro ko ƙiwuyar bai yi ba.

An Gwada A Somaliya

Ba yau aka fara wannan ba, kuma an ga ƙarshensa. A 2008 Amurka ta sa ƙungiyar Al-Shabab ta Somaliya cikin jerin 'yan ta'adda. Dokarsu kuwa ta ce duk wanda wani abu nasa ya kai hannun irin wannan ƙungiya yana iya fuskantar shari'a. Masu kai agaji suka ji tsoro, domin a ƙasar da 'yan bindiga ke tsare hanya ba ka iya rantsuwa ba a ƙwace buhu guda ba. Agajin Amurka zuwa kudancin ƙasar ya ragu ƙwarai. Su ma 'yan Al-Shabab suka kori wasu ƙungiyoyin agaji, ga fari ya zo. Talaka ya shiga tsakanin wuta biyu. Sai da aka yi shelar yunwa a Yuli 2011 sa'an nan Amurka ta sassauta a watan Agusta. Binciken da aka fitar a 2013 ya ce mutum wajen 258,000 suka mutu, fiye da rabinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Al-Shabab kuwa ba ta mutu da yunwa ba, ta ci gaba da yaƙi shekara da shekaru bayan nan.

Duniya ta ɗauki darasi, ko kuwa ta ce ta ɗauka. A Disamba 2022 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2664, wanda ya ce takunkumin da ya ke sa wa dukiyar 'yan ta'adda kada ya hana kai abinci da magani ga mabukata. Kun san waɗanda suka kawo ƙudurin? Amurka da Ayalan. Watau da hannunsu suka rubuta cewa ƙoƙon yaro dabam, bindiga dabam. Ba mu roƙe su komai ba sai su tsaya a kan abin da suka rubuta.

Daga Ina Kuɗin Daji Ke Fitowa?

Yanzu mu dawo gida. Ku 'yan kasuwa, ku na ke tambaya, domin kun fi kowane kwamiti sanin inda kuɗi ke kwana. Ɗan bindigar da ya addabi Batsari da Safana da Ɗanmusa, ya gangaro Matazu da Musawa har hayaƙinsa ya iso mana, wa ke ba shi kuɗi? Wani Bature ne ya aiko masa da dala cikin ambulan?

Mu ne mu ke ba shi, da hawaye. In an ɗauki mutum, danginsa su sayar da gona, su sayar da shanun noma, a bi masallaci da faranti, mata su fid da 'yan kunnensu, a haɗa a kai daji, wani lokaci a ce a haɗa da babur sabo da katin waya. Wani kamfanin bincike na Legas mai suna SBM ya lissafa cewa daga Yuli 2024 zuwa Yuni 2025 an sace mutum 4,722 a Nijeriya, an biya fansar naira biliyan 2.57, wannan kuwa abin da ya fito fili ne kaɗai. Ban da fansa akwai shanun sata. Saniya ba ta tashi sama. Da ƙafa ta ke fita daji, a mota a ke loda ta, ta wuce shingaye, wani ya saye ta. Akwai harajin da a ke ɗora wa ƙauye kafin a bar shi ya yi shuka, da wani kafin girbi. Akwai zinariyar Zamfara, wadda Gwamnatin Tarayya da kanta ta hana haƙarta a 2019 saboda ta ce tana da hannu a tashin hankalin, ta kuma ɗage hanin a Disamba 2024.

Naira biliyan biyu ba ta kwana a rami. Ɗan bindiga yana daji, amma kuɗinsa yana gari. Akwai mai karɓa, akwai mai canji, akwai mai sayo makami ta kan iyaka, akwai mai kai man fetur da ƙwaya. Waɗannan su ne masu ciyar da ta'adda, kuma Gwamnati ta ce ta san su.

Ga shaida. A 2019 kotu a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ɗaure 'yan Nijeriya 6 bisa aika wa Boko Haram dala 782,000 daga Dubai. Ƙasar waje ce ta kama, ta yi shari'a, ta gama. A 2021 fadar Shugaban Ƙasa ta ce an kama 'yan canji wajen 400. A Fabrairu 2022 Ministan Labarai na lokacin, Alhaji Lai Mohammed, ya gaya wa duniya cewa an gano masu ba 'yan ta'adda kuɗi su 96, da abokan hulɗarsu 424, da kamfanoni 123, da shagunan canji 33. Ya faɗi adadi, bai faɗi suna ba. Sai a Maris 2024 aka fitar da sunaye 15. A Yuli 2024 aka ce kotun da ke zama a barikin Kainji ta hukunta mutum 125, 85 daga cikinsu bisa ba da kuɗi. Madalla. Amma ku gaya mini, wane attajiri kuka ji a cikinsu? Wane mai muƙami? Wane gidan sama kuka ga an ƙwace aka mai da shi asibitin yara?

Nan ne na ce ku riƙe maganar Majalisarmu. Baƙo ya yi zargi ba shaida, sun tashi cikin mako guda. Ministansu ya ce yana da mutum 96 a rubuce, sun zauna. An bar jaki ana dukan taiki. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne: zargin baƙo ba ya ɓata wa kowa rai a Abuja, amma buɗe takardar nan yana iya taɓa wanda a ke cin tuwo tare da shi.

Dokokin Gida Ma A Kanmu Su Ke Ƙarewa

Kada mu ga laifin Amurka mu manta namu, domin irin wannan dukan taiki masu mulkinmu sun fi kowa iya shi. A Satumba 2019 soja suka rufe ofisoshin ƙungiyoyin agaji biyu, Action Against Hunger da Mercy Corps, a Arewa maso Gabas, bisa zargin taimakon Boko Haram. Dubban mabukata suka rasa abinci, bayan 'yan makonni aka ce su koma aiki.

A ƙarshen Agusta 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya kafa dokar da ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, har da Caranci maƙwabciyarmu, inda aka hana sayar da tsofaffin babura kuma. Aka hana sayar da fetur a jarka. A Satumba aka yanke layin waya a ƙananan hukumomi 13. An ce don a toshe wa 'yan bindiga hanyar kuɗi da mai. Dillalai da mahauta da masu lodi da mata masu sayar da abinci a kara sun san abin da suka gani a watannin nan. 'Yan bindiga kuwa, a Maris 2022 suka tare jirgin ƙasa tsakanin Abuja da Kaduna.

A Afrilu 2022 Majalisar Dattawa ta amince da gyaran doka wanda ya tanadi ɗaurin shekara 15 ga wanda ya biya fansa. Ku ji fa! Uban da ya sayar da gonarsa ya karɓo 'yarsa shi ne mai laifi. Sa'an nan a Oktoba 2022 Babban Banki ya yi shelar canjin kuɗi, cikin dalilansa har da hana biyan fansa. Kun tuna farkon 2023, sa'ad da mutum ke da kuɗi a banki ba ya iya sayen mudun gero, mai tumatir ya ga kayansa sun ruɓe a gabansa, ana sayen naira da naira? Sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris. An daina satar mutane? Kowace doka a ce don ɓarawon daji aka yi ta, kowace kuma ta ƙare a rumfar mai tebur.

Namu Laifin

Gaskiya ɗaya ce, sai mu faɗa wa kanmu ita. Ana satar kayan agaji, kuma wani sashe na satar ta cikin kasuwa ya ke bi. Ɗan kwamaso, abincin gyaɗar nan na cikin leda da a ke ba yaro mai tamowa kyauta, an rubuta a jikinsa ba na sayarwa ba ne, amma ba baƙon abu ba ne a gan shi a kan tebur, ƙato ya saya ya shafa a burodi. Duk wanda ya fid da shi ta bayan gida ɓarawo ne, wanda ya saya ya sayar kuma abokin ɓarawo ne. Kowace leda guda abincin wani yaro ce. Ban da haka, kowace leda da aka gani a kasuwa hujja ce aka miƙa wa masu son kife tukunya.

Sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan tebur, wannan a hannunku ya ke, ba sai an jira Abuja ba. Ku hana shi a rumfunanku kamar yadda za ku hana naman mushe. Maganin ɓera a rumbu shi ne a kama ɓera. Ba a cinna wa rumbu wuta.

Babban abin kunya kuwa na Gwamnati ne. Me ya sa ran yaron Kusada zai rataya a kan ƙuri'ar wani wakili da bai san inda Katsina ta ke ba? A 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Fiye da shekara 20 Gwamnatin Tarayya tana yawo wajen kashi 5. Da agajin ya tsaya a 2025 aka ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya. Mun gode, amma wannan ya nuna da ma akwai kuɗin, niyya ce babu. A 2023, shekarar da aka janye tallafin man fetur, jaridu suka ba da labarin motocin da aka saya wa wakilai 360, kowace guda wajen naira miliyan 160. A tsakiyar 2024 tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Wanda ya hau irin wannan mota ba shi da bakin cewa baƙo ya yi rowa. Da ma mai kwana a tabarmar aro, a ƙasa ya ke kwance.

Abin Da Mu Ke Nema

Muna da wakili guda a Majalisar Wakilai mai riƙe da Kankiya da Kusada da Ingawa, muna da Sanata na shiyyar Daura, muna da 'yan Majalisar Jiha. Ranku ya daɗe, ga saƙon waɗanda suka sha rana suka zaɓe ku.

Na ɗaya. A kawo wa Majalisa takardar mutum 96 da kamfanoni 123, a faɗi a fili wanda aka kai kotu, da wanda aka hukunta, da wanda aka sake da dalilin sakinsa. A yi shari'ar manya a buɗe, a fassara ta da Hausa a rediyo.

Na biyu. Duk dokar yaƙi da kuɗin ta'adda, ta gida ko yarjejeniya da wata ƙasa, a rubuta a cikinta ƙarara cewa abinci da magani da jinyar yara ba su shiga ciki ba. In ana zargin wata ƙungiya, a kai shaida gaban alƙali, kada a rufe ƙofar asibiti da umurnin baki.

Na uku. Majalisarmu ta yi nata sharaɗin a kan makami. Duk sa'ad da bom ya faɗa kan talakawa, a yi bincike a fili, a biya diyya, a hukunta mai sakaci, kafin a saki wani sabon kuɗi.

Na huɗu. Kada a sake rufe kasuwa ko hana wata sana'a sai an zauna da shugabannin 'yan kasuwa, an faɗi ranar buɗewa, an faɗi abin da za a ba wanda ya yi hasara.

Na biyar. Gwamnatin Jiha da ƙananan hukumominmu su sa kuɗin abincin yara masu tamowa a kasafinsu kowace shekara, a liƙa lissafin katan nawa ya zo, yaro nawa ya samu, a ƙofar kowane asibiti da ɗakin shan magani, inda kowa zai karanta.

Ga masu ba da agaji na ƙasashen waje kuwa, maganarmu gajeruwa ce. Ku tambayi kowace dala, ku aiko masu binciken lissafi, ku hana ɓarawon gwamnati takardar shiga ƙasarku, ku riƙe dukiyar da ya ɓoye a bankunanku. Wannan zai yi masa zafi, mu kuwa za mu yi muku godiya. Amma kada ku hori gwamnati da yunwar 'ya'yanmu, domin ba ta jin wannan bulala.

'Yan'uwa, ku kai maganar nan rumfuna da tashoshin mota da wuraren suna da biki. Iyayenmu mata, ku kuka fi kowa sanin nauyin yaron da ya daina kuka don ba shi da ƙarfin yi, kada ku yi shiru. In masu neman ƙuri'a sun zo da atamfa da taliya, ku tambaye su abu biyu: ina sunayen mutum 96, kuma nawa kuka ware wa yaranmu? Wanda ya kasa amsawa, ku bar shi ya koma da kayansa.

Allah Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya tona asirin masu cin kuɗin jini ko su wane ne. Wassalam.